Zakuna Sun Ari Matata

Ƙungiyar Zakunan Bayan Katanga ta samo rabin sunanta daga katangar gidana. Zakunan ne ban san inda ta samo su ba.

Filin da suke wasa fegin wani ne da ya yi tafiya bai dawo ba. Yana manne da bayan gidanmu, har tagar ɗakin ɗinkin matata tana kallon raga kai tsaye. Mai askin bakin layinmu ne ya kafa ƙungiyar, ya naɗa kansa Ciyaman a ranar, kuma har yau ba a sake zaɓe ba. Wani bakanike ya zama Koci saboda shi kaɗai ke da usur. 'Yan wasan kuwa ma'aikata ne, leburori da masu faci da direbobi, sai wani mai gyaran fanka da aka tsayar a raga saboda faɗin ƙirjinsa. Daga wurin aiki suke wucewa fili, da baƙin mai a hannu, sun gaji tun kafin a busa.

An yi musu rajista a rukunin da ya fi kowanne ƙasa, wanda ba a faɗowa daga cikinsa domin babu inda za a faɗa. Kakarsu ta farko ba su ci wasa ko ɗaya ba. A ta biyu sun yi kunnen doki sau ɗaya, ranar da rabin abokan karawarsu suka ɓata hanya. Na koyar da tarihi har na yi ritaya, na karanta labarin dauloli da yawa da suka fara a wulaƙance, amma ban taɓa cin karo da wadda ta fara da jefa ƙwallo gidan maƙwabci ba dare ba rana.

Matata tela ce. Gajeriyar mace, mai saurin hannu, wadda a duk zamanmu ban ji ta yi shiru ba sai in akwai allura a bakinta, kuma ko a lokacin tana iya jan tsaki. Ta tsani ƙwallo. Ta tsani ƙurar da ke sauka a kan yadin mutane, ta tsani ihu, ta tsani usur. Duk ƙwallon da ya tsallako tsakar gida, sai ta ajiye ɗinki, ta ɗauki babban almakashinta ta fito. Suka ɗaya take yi. Daga nan ta raba shi biyu, ta cika kowane ɓari da ƙasa, ta shuka barkono, ta jera a saman katanga inda za su gani da kyau.

"Ƙattan banza," take cewa ta taga. "Gemu har ƙirji, kuna bin iskar da aka ɗaure a fata."

Ta rasu a farkon kakarsu ta uku, bayan gajeriyar jinya. Maganarta ta ƙarshe gare ni ita ce, "Rufe tagar nan, marasa aikin yin sun fara."

A makon da ta rasu suna da wasa a gida. Ina zaune a ƙofar gida da masu gaisuwa, sai ga Ciyaman ya zo ya durƙusa, yana ƙanshin hodar aski.

"Baba, alƙalin wasa ya ce a yi wa Mama shiru na minti ɗaya, saboda haƙƙin maƙwabtaka. A talabijin haka ake yi. Ka daure ka fito ka tsaya mana."

Na so in gaya masa matar da yake nufi ba ta taɓa yin shiru na minti ɗaya ba, kuma ba za ta gode wa wanda ya yi mata ba. Amma na kwana biyu ban runtsa ba, kuma wanda aka yi wa rasuwa duk wanda ya kama hannunsa bin sa yake yi. Aka tsayar da ni a tsakiyar fili, ƙwallo a gabana, 'yan wasa sun kewaye ni. Alƙali ya busa. Na sunkuyar da kai. Rana ta dafa mini ƙeya, babu mai ce mini sai haƙuri, babu mai miƙo hannu. Barci ya ɗauke ni a tsaye.

Alƙalin yaro ne mai tarbiyya. Ya duba agogo, ya duba ni, ya ga dattijo bai ɗago ba, kunya ta hana shi busawa. Da na farka, inuwar katanga ta kai bakin raga. Baƙin, samari ne da suka motsa jini suka yi zufa kafin a fara, ƙafafunsu sun huce sarai, ɗayansu ma ya tuna mahaifiyarsa yana sharar hawaye. Zakuna kuwa sun sami hutun da ba su samu ba tun asuba. Suka ci biyu ba ko ɗaya, nasara ta farko a tarihinsu.

Mako na zagayowa Ciyaman ya sake zuwa ya durƙusa.

Haka al'adar ta kafu. Kafin kowane wasa ana yi wa Mama shiru, kuma shirun ba ya ƙarewa sai na ɗago kai. Koci kan same ni a gefen fili ya ba ni umarni ƙasa-ƙasa, kamar yadda yake ba 'yan baya.

"Baba, yaran yau 'yan makaranta ne, jininsu a tafashe yake. Baƙin ciki mai tsawo muke buƙata."

Wata ranar kuma ya ce, "Yau tsofaffi ne irinmu, ga hadari ya haɗo. Ka taƙaita."

In wasan waje ne, a gaban motar gareji ake sa ni, kusa da jarkar ruwa. Babu mai masaukin da ke da fuskar hana tsoho makokin matarsa. Wasu ƙungiyoyi sun kai ƙara cewa matar nan ta daɗe da rasuwa. Hukumar gasa ta zauna, ta duba dokokinta, ta ce ba ta ga inda aka faɗi ranar da mamaci yake daina zama mamaci ba.

Ina zuwa, ban taɓa fashi ba. Gidan ya yi irin shirun da ba a busa usur a ƙarshensa, na fili kuwa yana da iyaka, kuma ni ke riƙe da ita.

Duk wanda ya karanta tarihi ya san abin da ke biyo bayan nasara. Daular da ta fara cin yaƙi, abu na farko da take nema shi ne asali, in ba ta da shi ta sa a ƙera mata. Kafin kaka ta raba, na fara jin cewa Mama ce ta ba ƙungiya ƙwallonta na farko. Sai aka ce ita ta ɗinka rigunansu na farko kyauta, da daddare, da fitilar hannu. Mai tsaron raga ya rantse cewa duk lokacin da za a buga masa fenariti tana leƙowa ta taga ta yi masa addu'a. Leƙowar gaskiya ce. Ɓarin ƙwallayen da ke saman katanga kuwa suka zama babbar hujja: matar da son ƙwallo ya kai ta har tana shuka a cikinsa. Aka mayar da shi tambarin ƙungiya, rabin ƙwallo da barkono ya tsiro a ciki, aka manna a ƙirjin kowace riga. Maganarta ta ƙarshe ma aka gyara mata. Yanzu cewa ta yi, "Ku tsare baya."

Daga bisani suka kawo mai zane ya zana ta a bayan katangata. Bai nemi hoto ba, ya ce ya san irin fuskar da ake nufi. Ya zana wata doguwar mata mai kumatu masu lotsawa da wushirya, tana murmushi, ta rungume ƙwallo kamar jariri. A ƙasa ya rubuta Uwar Zakuna. Kullum in zan je sayen burodi sai mun haɗa ido.

Ƙanwar matata, wadda duk dangi ke kira Auta ko da yake ta aurar da 'ya'ya, takan zo ta shayar da barkonon ta kuma yi ɗinki a keken yayarta don kada ya yi tsatsa. Bakinsu iri ɗaya ne, sai dai na Auta yana tsayawa shan iska. Wata safiya tana kan kujera tana zuba ruwa a ɓarin ƙwallayen, ni kuma ina riƙe mata kujerar, sai na ji bakina ya ce:

"Ai ko ba komai, tana ɗan son yaran nan."

Auta ta tsayar da buta. "Wa?"

"Yayarki."

"Mijin Yaya, maimaita, kunnena ya fara tsufa."

Na gyara riƙon kujerar. Ta sauko, ta ajiye butar, ta dube ni tun daga hula har silifa.

"To gaya mini. In ka bar kofin shayi a kan keken ɗinkinta, me take ce maka?"

Abu ne da aka faɗa mini kusan kowace safiya tun ina da baƙin gashi. Na buɗe baki. Na san akwai faɗa a ciki, na san akwai littattafaina a ciki, amma muryar ba ta zo ba. Na rufe ido na neme ta, sai ga doguwar matar katanga tana yi mini murmushi da wushiryarta.

"Ka gani," in ji Auta. "Sun ɗauke maka mata da rana tsaka, kai kuma ka sunkuyar musu da kai suna wucewa da ita."

A ranar na tafi shagon Ciyaman. Ɗaki ne ƙarami mai madubi biyu, ɗaya ya tsage, da kujera mai juyawa wadda ba ta juyawa. Ban zo aski ba, amma kafin in gama sallama ya ɗaura mini ƙyalle a wuya ya kunna inji.

"Na zo karɓar matata," na ce.

"Wace... Mama?" Ya kashe injin. "Baba, wani ya ɓata maka rai? Faɗa mini sunansa in ajiye shi a benci."

"Ba ta son ku. Ba ta taɓa son ku ba. Barkonon nan gargaɗi ne."

Ya yi murmushi ta madubi, irin wanda ake yi wa mara lafiya. "Haka iyaye mata suke, Baba. Ba sa nunawa."

"Ta kira ku ƙattan banza."

"Ka ji ko. Ƙatta. Ta ga ƙarfinmu tun kafin kowa ya gani."

"Ku nemi wani mamacin."

"Wallahi mun duba." Ya sake kunna injin, ya karkatar mini da kai. "Kakan mai tsaron raga ya rasu kwanaki, mutumin kirki. Muka gwada shi a wasan sada zumunci, aka zura mana huɗu. Jikan ba ya iya sunkuyawa, sai ya riƙa leƙen agogo. Kuma ko muna so, Baba, ana cikin kaka ba a canja ɗan wasa. Saura wasa ɗaya mu hau rukuni na gaba. In mun hau, babban fili za mu koma, mai rumfa. Rumfar da sunan Mama za a kira ta. Mai zane ya ce wannan karon zai sa mata takalmin ƙwallo."

Na fito da aski a gefe guda, domin an ɗauke wuta kafin ya kai ɗaya gefen.

Ranar wasan ƙarshe filin ya cika har saman motocin gareji. Masu sayar da ruwa da gyaɗa sun zo, an ɗaure igiya a gefe, an yayyafa ruwa don ƙura. Baƙin matasa ne dogaye, masu takalma iri ɗaya, suna ta tsalle suna miƙa ƙafa tun kafin namu su gama wanke hannu da kananzir. Kunnen doki ma ya ishe Zakuna su hau.

Koci ya ja ni gefe. "Baba, yau ce ranar. Duk baƙin cikin da ka ɓoye, yau za ka fito da shi. Kada ka ɗago sai ka ga gwiwar lamba tara ɗinsu ta fara rawa."

Na ce to. Almakashin matata yana aljihun rigata, nauyinsa yana jan wuyan rigar gefe.

Aka kewaye ni, alƙali ya busa, fili ya yi tsit. Na sunkuya kamar kullum, na ciro almakashin, na kai wa ƙwallon suka.

Ya zille. Na ga ana yi sau ba adadi, ban taɓa yi da hannuna ba, kuma ashe ƙwallo ba ya tsayawa a soke shi. Ya gangara wajen ƙafafun baƙi. Na bi shi a duƙe, na sake kai suka, ya sake tsalle. Kaina a ƙasa yake, saboda haka a dokar da su da kansu suka kafa, shiru bai ƙare ba. Babu mai ikon magana, babu mai ikon motsi. 'Yan wasa sun haɗa hannu a baya suna bi na da wutsiyar ido. Alƙali ya sa usur a baki ya cire. Ciyaman yana gefen igiya yana buɗe baki yana rufewa kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Na bi ƙwallon nan daga tsakiya har kusa da tutar kwana na dawo da shi, hulata ta faɗi, askin gefe guda ya bayyana ga jama'a, kuma ba ka jin komai sai numfashina da ƙarar silifa.

Sai aka turo tagar ɗakin ɗinki.

"Mijin Yaya," in ji Auta, kuma a wannan shirun har na saman motoci sun ji ta, "ba haka take yi ba. Danne shi da ƙafa tukuna. Nemi bakin ɗinki. Almakashin a rufe, ba a buɗe ba, sai ka ce mai yankan farce."

Na danne shi da ƙafa. Na lalubi bakin ɗinki. Na rufe almakashin na ɗora nauyina a kai.

Iskar ta fito a hankali, siririya, doguwa, tana ƙara kaifi kafin ta mutu. Na san wannan ƙarar. Ita nake ji in na shigo da takalmi ɗaki, ita nake ji in na sayo littafi maimakon abin da aka aike ni. Tsakin matata ne, da tsawonsa da wutsiyarsa. Na tsaya na saurare shi har ya ƙare, sannan na ɗauki fatar na saƙale a hammata, na ɗauki hulata, na ɗago kai.

Alƙali ya busa da sauri kamar wanda aka cire wa ƙaya.

Duk abin bai kai rabin shirun da aka saba ba. Baƙi jininsu bai huce ba, namu kuma maimakon su huta sun ƙare lokacin suna riƙe numfashi. Ga shi ƙwallon da na fasa shi kaɗai ƙungiya ta mallaka, mai laushi, wanda ƙafafunsu suka saba da shi. Aka ɗauko na baƙi, sabo, an cika shi da iska tam. Bugun farko da mai facinmu ya yi masa sai da ya zauna ya riƙe yatsa. Ban tsaya kallo ba. Daga tsakar gida na ji ihun baƙi sau biyar, Auta tana ƙirga mini da ƙafar keke.

Bayan kwana biyu Ciyaman da Koci suka yi sallama. Sun sa riguna masu tsabta. Na shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin barkonon, suka zauna suna kallon ƙasa.

"Baba," in ji Ciyaman, "kwamiti ya zauna. Ba a ga laifinka ba, tsufa ne. Amma an duba sakamako, an ga ƙungiya tana buƙatar sabon jini. Kwamiti ya gode wa Mama bisa hidimar da ta yi, ya kuma sallame ta daga yau."

"Da mutunci," in ji Koci. "Ba kora ba ce."

"Zanen fa?"

"Gobe za a shafe da farar ƙasa. Tambarin ma za a cire barkonon, a bar rabin ƙwallon, tunda an riga an buga riguna."

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Suka ce amin. Suka miƙe, har sun kai ƙofa sai Ciyaman ya juyo, ya ƙare mini kallo a natse, irin kallon da yake yi wa kai kafin ya sa inji.

"Ranar nan na ji kana haki sosai, Baba. Ƙirjin ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"Madalla, madalla. Hawan jini fa, ana dubawa?" Ya dubi Koci, Koci ya dubi katanga, daidai inda fili zai samu in an shafe zanen. "Ai kai namu ne. Duk abin da ake ciki, mu za a fara sanar wa."

Tun daga ranar yake aiko a gaishe ni duk mako. Zakuna suna nan a rukuninsu, sun koma yadda Allah ya halicce su, kuma na ji ana cewa kakar da ta wuce ita ce zamanin zinariya.

A ranar sallamar, da suka fita na ɗauko fatar ƙwallon na zauna a bakin ɗakin ɗinki don in raba ta biyu. Almakashin ya bi inda ya ga dama. Ɓari ɗaya ya fito kamar kwano, ɗayan kamar tafin hannu, ko ƙasa cokali uku ba zai riƙe ba. Ina jujjuya su, sai na ji ta, daga bayana, daidai inda keken yake, da wannan muryar mai kama da ana yaga sabon yadi:

"Shehin malami. Littattafai har rufin ɗaki, amma raba abu biyu ya gagare ka."

Auta ba ta gidan, ta tafi tun hantsi. Na shuka barkonon a babban ɓarin, na ɗora shi a saman katanga. Sannan na dafa shayi, na sha rabi, na shiga na ajiye kofin a kan keken ɗinki, na koma na zauna ina jira.